Ajiyar Kawu Isuhu

Ranar wata Lahadi ce ta kasuwar Illela, cikin bazarar 1984, Inna ta aza mini kwanon dambu a ka, ta miƙo mini ƙwaryar fura, ta ce in kai wa Baba rumfarsa. Ina da shekara goma sha ɗaya, ina aji shida na firamare. Baba wake da albasa yake sayarwa, rumfarsa kuma tana bayan kara, wato inda ake cinikin dabbobi, don haka dole in ratsa ta cikin shanu da raƙuman da Buzaye suka gangaro da su daga Nijar. Rana ta take, rairayi na ƙona ƙafa ta cikin silifa. Ina tsakiyar kara sai na ji ihu a bayana. Wani jan bijimi mai dogayen ƙaho ne ya tsinke igiya ana ƙoƙarin tura shi cikin babbar mota. Mutane suka watse, ni ma na zura da gudu, kwano na kaina, ban ko yi tunanin yar da shi ba. Bijimin bai taɓa ni ba. Wani jaki ne da ke ɗaure da amalanken gishiri ya firgita ya zabura, tayar ta bi ta kan ƙafata ta hagu. Abin da na fi tunawa shi ne furar Baba tana nutsewa cikin rairayi, da ƙafata da na ga ta kalli wani gefen da ba ta saba kallo ba.

Baba bai yarda da maganar asibiti ba, ya aika ƙauyen Araba aka ɗauko wani tsohon maɗori mai suna Arzika. Maza biyu suka danne ni, tsohon ya ja ƙafar har na daina jin muryata. Ya shafe ta da man shanu, ya jera siraran sanduna kewaye da ita, ya naɗe da tsumma. Sannan ya sa aka kamo wata baƙar kazar Inna ya karya mata ƙafa ya ɗaure ta ita ma, ya ce ranar da ta taka ni ma na kusa. Da zai tafi ya duƙo ya ce mini, "Ɗiyata, kada ki motsa ta. Ko kunama kika gani, kira za ki yi." Ɗakin Inna cike yake da ƙannena masu tsalle-tsalle, saboda haka aka shimfiɗa mini tabarma a shagon da ke jikin zaure, inda Baba yake ajiye buhuna. Shi kaɗai ne ɗaki mai daɓen siminti da rufin kwano a gidanmu. Yana da ƙofar katako mai kwaɗo, da wata 'yar taga mai sandunan ƙarfe can sama, tana kallon lungu. Daga inda nake kwance ba na ganin komai ta cikinta sai ɗan yankin sama da reshen dogon yaro.

Kafin wannan rana ban san zama ba. Da asuba ni ce mai zuwa rijiya, in dawo in share tsakar gida, in ba awaki dusa, in wanke kwanonin jiya, sannan in sa rigar makaranta in biya wa ƙawata Hajjo mu tafi. In an tashi tara muna carafke a gindin bedi da duwatsun da muka daɗe muna zaɓe, ko mu zana 'yar gala-gala a ƙasa mu yi ta ɗingishi har a kaɗa ƙararrawa. Da yamma akwai surfe, akwai kai niƙa, akwai makarantar allo. Yanzu duk wannan ya koma sauti kawai. Ina jin lugude daga cikin gida in san wadda ke riƙe da taɓaryata. Ina jin guga na bugun bakin rijiya. Rufin kwano yana ɗaukar zafi tun hantsi ya sauke mini shi a ƙirji, gumi ya jiƙa tabarma, ƙaiƙayi ya taso a ƙarƙashin ɗorin inda yatsa ba ya kaiwa. Na san kowace tsaga da ke jikin bangon nan, na san gidan zanzaro da ke kusurwa da lokacin da maigidan yake dawowa.

Ana cikin haka Kawu Isuhu ya iso. Ƙanen Inna ne, a Birnin Ƙonni aka haife su, shi kuma can yake zaune da iyalinsa. Danginmu rabi nan suke rabi can. Mukan je suna Ƙonni da safe mu dawo kafin la'asar, ba mu taɓa ɗaukar iyaka wani abu ba illa wurin da mota ke ɗan tsayawa. Kawu yana aiki a wani ofishin noman rani da Turawa ke gudanarwa. Da tafireta ya fara, da suka kawo kwamfuta sai suka koya masa ita. Ta samu matsala, aka ga Sakkwato ta fi Yamai kusa, kuma akwai wani Ba'indiye a can da ya iya gyara, sai aka damƙa wa Kawu ya kai. A kan hanyar dawowa ya sauka gidanmu da niyyar kwana ɗaya ya duba ni. Da gari ya waye rediyo ta ce gwamnatin soja ta rufe iyakokin ƙasa. Kawu ya je bakin shinge ya tarar da sojoji, ya yi bayani da Hausa, ya yi da Faransanci, ba wanda ya saurare shi. Direban a-kori-kurar da ya ɗauko shi ya sauke kwalaye uku na kwamfutar a ƙofar gidanmu ya juya. Ɗakin da yake da siminti da kwaɗo ɗaya ne, don haka aka shigo da su inda nake.

Kawu ya yi zaton abin na 'yan kwanaki ne. Kullum da safe yana zaune a zaure da rediyo a kunne, kullum ya tashi jiki a sanyaye. Shi kansa yana iya bi ta daji ya tsallaka, mutane na yi, amma ba da kwalaye uku ba, domin duk abin da aka kama a hanyar daji ya tafi ke nan. Ga shi Ba'indiyen ya gargaɗe shi kada ya bar injin a rufe cikin zafi, ya riƙa kunna shi yana dubawa. Maƙwabcinmu Alhaji Ɗanjuma yana da janareto saboda sana'ar ƙanƙara, yana tayar da shi da hantsi. Baba ya roƙe shi aka jefo mana waya ta kan katanga, aka ce masa fanka za a kunna wa marar lafiya. Fankar kuwa an kawo ta, wata 'yar ƙarama ta kan tebur. Sai dai da Kawu ya fito da injin ya jera shi a kan akwatin katako kusa da kaina, sai ya juya fankar ta kalli injin. Na kalle shi, ya ji kunya, ya ce in yi haƙuri, ni in na ji zafi ina iya shan ruwa.

Abin kashi uku ne: akwatin ƙarfe mai faɗi da bakin saka faifai, gilashi kamar na talabijin a kansa, da allon haruffa irin na tafireta mai murɗaɗɗiyar waya. Kawu yana ce masa ordinatar, Inna kuwa ba ta taɓa kiransa da komai ba sai "kayan Isuhu". Ranar da ya fara kunnawa na ɗauka zan ga mutane suna rawa a ciki. Sai kawai na ji huci, gilashin ya yi duhu-duhu, sannan wasu korayen lambobi suka fito a kusurwa suna hawa. Kawu ya ce kafin injin ya yi wa kowa aiki, kansa yake fara dubawa, ba wanda ya sa shi, haka aka ƙera shi. Lambobin nan ƙwaƙwalwarsa yake bi ɗaki-ɗaki yana tabbatar da kowanne na nan lafiya. Suka hau har suka tsaya a ɗari biyu da hamsin da shida, ya yi ɗan kuka guda siriri, wata jar fitila ta kama a bakin faifan, ya yi gurnani kamar tsohon da aka tasa daga barci. "Kuka ɗaya, lahiya lau," in ji Kawu. "In kin ji biyu, akwai magana."

Akwai kuma wani baƙin faifai mai laushi da aka haɗo injin da shi tun daga masana'anta, na gwaji. In an saka shi sai ya jero abubuwan da za a iya dubawa, mutum ya zaɓa da lamba. Ɗaya yana zana hoton allon haruffa a gilashi, duk harafin da ka danna sai gurbinsa ya haskaka. Ɗaya yana cika gilashin da haruffa, ya share, ya ja layuka a tsaye da a kwance don a ga ko wani wuri ya mutu. Ɗaya yana juya faifan ya auna ko gudunsa daidai ne. Na ƙarshe yana zagaya ƙwaƙwalwar, ya gama ya sake, har sai an tsayar da shi. Rubutun duk Faransanci ne, amma lambobi ba su da yare. Kawu ya ga idona ba ya barin gilashin, sai ya ɗora mini allon haruffan a ciki ya ce in danna. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya amsa. Tun ranar da amalanke ya taka ni, wannan ne abu na farko da na taɓa da hannuna ya yi abin da na ce.

Murnar ba ta daɗe ba. Sojoji sun fara bin kasuwa suna fasa shaguna, suna neman masu ɓoye kaya, kuma aka riƙa raɗe-raɗin an tafi da wani mutum saboda an ga oba-oba, rediyon magana irin na sojoji, a ɗakinsa. Baba ya tsorata. Ya ce in aka ga wannan abu a gidansa, ga baƙo daga Nijar, ga rubutun da ba mai iya karantawa, wa zai tsaya ya ji bayanin noman rani? Ya sa doka: ƙofar shago a rufe kullum, ba mai shiga sai shi da Inna da Kawu. Matan unguwa masu zuwa dubiya aka riƙa tsayar da su a tsakar gida a ce ina barci. Ƙannena aka ce musu maɗori ya hana. Hajjo ta zo sau da yawa Inna na mayar da ita, har ta gano tagar lungu. Takan turo wani dutse ta hau, ni kuma ba na ganin komai nata sai yatsunta a jikin ƙarfe da saman goshinta. Daga nan take ba ni labarin aji, wanda aka yi wa bulala, da lissafin da malam ya ce zai fito a jarabawar shiga sakandare. Wata rana tana tsaye injin ya yi kukansa. Ta ce, "Luba, mi ne wanga?" Na ce fanka ce. Ta ce gidansu ma akwai fanka. Na ji saukarta daga kan dutsen, kuma ta daɗe ba ta dawo ba.

Sai ga wata mai tallar nono ta shigo da saƙo daga Ƙonni: ƙyanda ta shiga gari, ta kama Mudi, ɗan Kawu na fari, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Kawu ya shigo ɗakina ya zauna a kan buhu yana kallon injin. Daga baya ya matso da akwatin har inda hannuna zai kai makunnin ba tare da na motsa ƙafa ba. Ya sa na kunna na kashe a gabansa, na saka faifan na cire, ya nuna mini yadda ake riƙe shi ba a taɓa tsakiya. Ya ce in Alhaji ya tayar da janareto in jira wutar ta zauna tukuna, kuma kada in kashe jar fitila na ci. Washegari da sassafe ya sa tsohuwar rigar Baba ta gona, ya saɓa fartanya kamar mai zuwa sharar gona, ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Ga ajiyata nan, Luba. Aikina da mutuncina duk suna cikin akwatin ga." Ya ja ƙofar, na ji Inna ta sa kwaɗo.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo a rayuwata. Ruwa ya ƙi sauka, hadari ya haɗu da yamma iska ta watsa shi. Baƙar kazar nan ta fara takawa, Inna ta ɗauko ta ta nuna mini tana murna, ni kuwa haushinta na ji, don na ga an sauke ta ta fice abinta. Ranar jarabawa ina jin 'yan ajinmu suna wucewa ta lungu da safe, suna ta surutu, na gane muryar kowa. Na ja zane na rufe fuska. Da hantsi wuta ta zo, na kunna injin don in sami abin kallo. Lambobin suka fara hawa kamar kullum, suka kai ɗari da ashirin da takwas, suka tsaya. Ya yi kuka biyu. Wani layin lambobi da ban taɓa gani ba ya fito a ƙasa. Na kashe, na jira, na sake kunnawa. Nan dai ya sake tsayawa. Ban yi kukan jarabawa ba, amma wannan na yi masa kuka har Inna ta jiyo ta buɗe ƙofa a guje, ta ɗauka ƙafar ce.

Da Baba ya dawo kasuwa ya ji, sai ya ce shi ke nan, tunda ya mutu babu dalilin ajiye shi. Zai sa a buhu a aza wa jaki a kai rumbunmu na gona a Darna, in ma an gan shi can ba a gidansa aka gani ba. Inna ta ce, "Malam, amanar ƙanena ce." Ya ce amanar da za ta kai shi gidan yari ba ya so, ga yarinya an kulle kamar mai laifi saboda ƙarfe. Maganarsa gaskiya ce, kuma na san in aka fitar da injin za a buɗe ƙofa, Hajjo ta shigo, ƙannena su zo su dame ni. Na so hakan ƙwarai. Amma na san rumbun nan, na san gara da ɓeraye da ke cikinsa. Ban taɓa mayar wa Baba magana ba sai ranar. Na ce bai mutu ba, tunda har yana iya faɗin abin da ke damunsa, a bar shi Kawu ya zo ya ji. Baba ya dube ni ya dubi Inna, ya kaɗa kai ya fita. Bai ce ya yarda ba, amma jakin bai zo ba.

Daga nan na shiga jinya, ni da nake kwance. Na lura in na kunna shi da zarar wuta ta zo, kafin kwano ya gasu, wani lokaci yakan haye har ƙarshe ya yi kuka ɗaya. In rana ta take kuwa ba ya wuce rabi. Na gaya wa Inna. Ruwa ya yi wuya a lokacin, rijiyarmu sai an jira ta taru, amma ta riƙa tara ruwan wanke-wanke tana jiƙa buhu ta rataya a taga, ta yayyafa saura a daɓe. Ranar da ya haye sai in yi maza in saka faifan gwaji in zaɓi na ƙwaƙwalwa in bar shi yana zagaye. Yakan yi ta tafiya lafiya, can sai ya tuntuɓe, kuma kullum lambobin da yake fitarwa iri ɗaya ne. Ban san ma'anarsu ba, amma na haddace su kamar yadda muke hadda a makarantar allo, ina maimaitawa in na rasa abin yi. Sannu a hankali safiyar ma ta daina yi masa amfani. Na riƙa kwana da tunanin ko ni na ɓata shi, ko na kashe shi jar fitila na ci ban lura ba.

Kawu ya dawo bayan ruwan farko. Tun daga muryoyin da na ji a zaure na gane abin da ya faru, domin maza sun taru ana ta addu'a, Inna kuma na kuka ƙasa-ƙasa a cikin gida. Mudi ya rasu. Sai da aka kwana biyu Kawu ya shigo wurina. Ya rame, rigar Baba ta yi masa yawa. Na yi masa gaisuwa yadda na ji manya na yi, ya amsa, ya tambayi ƙafa. Na rasa ta inda zan fara, sai kawai na karanto masa lambobin. Ya ɗago kai ya ce in sake. Na sake, na gaya masa batun zafi da safiya da inda yake tsayawa. Bai yi faɗa ba. Ya zare waya, ya kwance kusoshin bayan akwatin, ya zame murfin. Ciki wani koren faranti ne da ƙananan baƙaƙen abubuwa a jere layi-layi, kowanne da siraran ƙafafu kamar ƙwaro. Ya ce lambobin farko suna nuna layi, na ƙarshe suna nuna wanne ne a layin. Ya bi da yatsa ya tsaya a kan ɗaya, ya karkato akwatin in gani: gefensa guda ya ɗan ɗago. Girgizar hanya ta sassauta shi, zafi da sanyi suka ƙarasa turo shi. Ya aza babban yatsa ya danna, na ji ƙas.

Da ya mayar da murfin ya ce ni zan kunna. Lambobin suka hau, suka iso inda suke tsayawa, suka wuce. Ya yi kuka ɗaya. Na juyo ina dariya in ga murnar Kawu, sai na tarar ya sunkuyar da kai, hannayensa biyu a kan gwiwa. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Shi wanga yana faɗin inda ke mai ciwo. Mudi kallona kawai ya yi ta yi." Muka zauna a nan, fanka na juyawa, har Alhaji ya kashe janareto.

Da damina ta yi nisa Arzika ya zo ya kwance ɗorin. Ƙafar ta fito siririya, fatar na saɓa, kuma ta ɗan gaza 'yar'uwarta. Har yau in na gaji ana ganewa a tafiyata. Ranar da na fara fita da sanda hasken waje ya sa ni hawaye. Na tarar gero ya tsaya iya gwiwa yana naɗewa don rashin ruwa, Hajjo kuma an kira sunanta a makarantar kwana, tana shirin tafiya. Ta zo ta yi mini sallama a tsakar gida, mun yi hira, amma ba ta tambaye ni komai ba, ni ma ban faɗa ba. Na maimaita aji shida tare da ƙannen ƙawayena. Kuma ban bar shagon ba, domin iyaka ba ta buɗe ba. Nan na ci gaba da kwana, ni ke da mabuɗi, ni ke kunnawa ranar Juma'a da babu karatun allo. Kawu ya koma taya Baba zama a rumfa, yana tsallakawa ta daji lokaci-lokaci ya ga iyalinsa. Ofishinsu sun ce ya jira, in ya kawo kayansu sai a san matsayinsa.

Sai a 1986 aka buɗe iyaka. Kawu ya sa rigarsa ta sallah, ya ɗauki shatar mota, ya roƙi Baba a bar ni in raka shi. Na zauna a baya na rungume kwalin gilashin a kan cinya, duk ramin da muka faɗa sai na ji shi a cikina. A ofishin muka tarar Turawan da ya sani sun tafi, wasu ne daban, kuma a kan teburin da yake zama akwai sababbin injuna biyu, wani saurayi na dannawa. Shugaban ya fito ya saurari Kawu cikin ladabi, ya yi masa godiya, ya ce ai sun daɗe da cire rai, ya kira masinja ya ce a kai kwalayen sito. Kawu ya roƙe shi a kunna ko sau ɗaya, a ga lafiya lau ya dawo da shi. Mutumin ya dubi agogo ya ce ba sai an yi ba, ya yarda. Batun aiki kuma ya ce a halin yanzu babu gurbi. Ina tsaye na ga an tura kwalayen tsakanin tsofaffin tayoyi da buhunan taki, aka ja ƙofa. A hanyar komawa Kawu ya tsaya ya saya mini dogon burodin nan na Ƙonni. Na riƙe shi har gida ban gutsura ba.

Yau ina aiki a wata makaranta a Sakkwato inda yara ke rubuta jarabawa a kwamfuta, kuma ni ce mai duba injunan kafin su zauna. Maɓalli biyu ko uku nake dannawa, nan take injin ya baje mini komai nasa: nauyin da yake ɗauke da shi, abin da ya rage a ƙwaƙwalwarsa, zafin jikinsa, da layuka masu hawa da sauka. Kafin in gyara zama an gama. Wanda ya gaza a ɗauke shi a kawo wani, yaran ma ba sa ɗaga kai daga wayoyinsu. Kawu ya ƙarasa rayuwarsa yana sayar da albasa, bai sake taɓa kwamfuta ba, ko da na kawo tawa gida na ajiye a gabansa murmushi kawai ya yi ya ce idonsa ya tafi. Shi da Inna da Baba duk sun riga mu gidan gaskiya. A wancan lokacin gani nake jira ya cinye mini ƙuruciya. Yanzu babu abin da ke sa ni jira, kuma babu wanda zan zauna in jira tare da shi.